Alat Ba Kuɗi Ba Ne: Abin Da Wani Ciniki A Runka Ya Koya Mini

Wata ranar Asabar, bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya kira ni daga Runka. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba, domin yaro ne mai yawan raha, amma a daren nan ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. "Kawu," in ji shi, "yau an yi mini sakiyar da ba ruwa."

Shekarunsa ashirin da huɗu. Ya gama kwalejin ilimi, ya jira aikin koyarwa har ya gaji, sai ya kama sana'ar da tsararrakinsa da yawa suka kama. Yakan je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya saro wayoyin da aka taɓa amfani da su, wasu kuɗi hannu wasu bashi, ya dawo gida ya ɗauki hotunansu ya ɗora a Facebook da WhatsApp. Ba shi da shago, ba shi da teburi. Wanda ya ga waya ta yi masa sai ya kira, a yi ciniki ta baki, a sa lokaci, ya zo ya karɓa.

A ranar wani mutum ya taya wata waya, suka daidaita a kan naira 140,000. Ya ce daga ɓangaren Batsari zai taso. Bai iso ba sai bayan la'asar sakaliya, a bayan babur, wani na tuƙa shi. Ya juya wayar, ya gwada kyamara, ya yaba, ya nemi lambar asusu. Ya daddanna tasa wayar, sannan ya juyo da ita: ga rasit mai launin kore, ga sunan yaron cikakke, ga adadin kuɗin. Ba a yi minti ɗaya ba saƙo ya shigo wayar ɗan yayata ɗauke da sunan bankinsa. Ya so ya buɗe manhajar bankin ya tabbatar, sabis ya ƙi, abu na ta juyawa. Sai baƙon ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Malam, ka dai san hanyar nan. In magariba ta same mu a kanta, kai ma ba za ka ji daɗi ba."

Babu ɗan Runka da yake bukatar a yi masa fashin baƙin wannan magana. Garin yana gefen dajin Rugu, kuma kowane gida yana da labarin wanda duhu ya riska a hanya. Yaron ya miƙa waya, suka yi musabaha, har da addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya. Da sabis ya dawo cikin dare ya duba asusunsa, sai ya tarar da naira 6,200, daidai abin da ya bari da safe. Lambar baƙon kuwa tuni an kashe ta.

Na ce ya turo mini saƙon. Abu biyu na gani waɗanda da ya samu natsuwar minti uku shi ma zai gani. Sunan bankin an sauya masa harafi ɗaya. Sannan ragowar kuɗin da saƙon ya ambata ba ta yi daidai da lissafi ba. In da gaske ne, 146,200 ya kamata a gani, amma wani adadi daban aka rubuta. Ɗan damfara yana iya kwaikwayon suna da fasalin saƙo, abin da ba ya iya sani shi ne nawa ke cikin asusunka kafin ya zo.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci abin da ke faruwa idan aka ce an tura kuɗi, domin rashin sanin nan shi ne jarin mazambata. Tun shekarar 2011 bankunan ƙasar nan suke amfani da tsarin tura kuɗi nan take wanda kamfanin NIBSS, mallakar Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci, yake gudanarwa. Matakai uku ne. Bankin mai turawa ya cire kuɗi daga asusunsa, NIBSS ya isar da umarni, bankin mai karɓa ya rubuta kuɗin a asusunsa. Rasit ɗin da mai saye yake nuna maka, ko da na gaskiya ne, shaidar mataki na farko ce kawai. Saƙon tes kuma sanarwa ce da ke biyo hanyar kamfanin waya, ba ta cikin littafin banki, kuma akwai hanyoyin aika saƙo da kowane suna mutum ya ga dama. Ganin sunanka a allon wayarsa ma ba hujja ba ne, domin duk wanda ya shigar da lambar asusunka tsarin zai nuna masa sunanka tun kafin ya tura ko sisi. Akwai manhajojin da aikinsu kawai buga rasit na bogi. Akwai masu gyara tsohon rasit su sauya suna da kwanan wata. Akwai masu sa wa turawar lokaci na gaba, su nuna maka, su soke bayan sun bar wurin.

Gaskiya ne kuɗin gaske ma yakan maƙale a hanya, kuma kowa ya taɓa ganin haka. A kan wannan gaskiyar ce maƙaryacin yake fakewa. Sai dai jinkirin yana da iyaka a doka. Ƙa'idar da Babban Bankin ya fitar a 2018 ta tanadi tarar naira 10,000 a kan bankin da ya riƙe kuɗin da suka shigo masa fiye da minti huɗu bai zuba wa mai su ba, haka kuma a kan wanda bai maido da kuɗin turawar da ta gaza ba cikin awa 24 bayan an kai ƙorafi. Kowace turawa kuma tana da lambar shaida mai alƙaluma 30, wadda bankinka zai iya bin sawunta. Mai saye na gaskiya ba ya jin nauyin ba ka wannan lamba, kuma in kuɗinsa suka maƙale za su dawo masa. Wanda ya miƙa kaya, shi ne ba shi da wanda zai maido masa.

NIBSS ya ba da rahoton cewa damfara ta ci naira biliyan 52.26 a harkar bankuna a 2024, daga biliyan 17.67 a 2023. Adadin yana da ban tsoro, amma asarar ɗan yayata ba ta cikinsa, kuma ba za ta taɓa shiga ba. Ba a taɓa asusun kowa ba, kuɗi ba su motsa ba, don haka a idon banki babu abin da ya faru. Irin wannan asara a zaure ake ƙirga ta, a tsakanin uwa da ɗa.

Wannan shi ne nau'i mai sauƙi, kuma maganinsa sananne ne. Wanda ya fi damuna shi ne na biyu, domin yana kama har mai taka-tsantsan.

Wani tsohon ɗalibina a Safana ya sa babur ɗinsa a kasuwa ta Facebook, yana son ya haɗa kuɗin aure. Mutum ne mai lura. Ya sha gaya wa abokansa kada su yarda da alat. Mai saye ya kira, aka yi ciniki, ya ce yayansa da ke Abuja ne zai turo kuɗin. Kuɗi suka shigo. Ɗalibin ya buɗe manhaja ya gani da idonsa, har ya cire wani abu a wurin mai POS don ya ƙara tabbatarwa. Mai saye ya zo, ya karɓi makulli da takardu, ya hau ya tafi. Bayan kwana huɗu ya je cire kuɗi aka ce an rufe asusunsa.

Abin da ya faru shi ne, ɗan damfarar ya yi ciniki biyu a lokaci guda. Ya tallata wa wani bawan Allah a Abuja wasu kaya da babu su, a kan farashi daidai da na babur ɗin, ya ba shi lambar asusun ɗalibina a matsayin tasa. Mutumin Abuja ya biya, ya jira kaya shiru, ya kai ƙara banki da wurin 'yan sanda. A takarda, wanda ya ci kuɗin shi ne mai asusun da suka shiga. Shi kuwa wanda ya ƙulla abin, sunansa bai fito a ko'ina ba: bai tura ba, bai karɓa ba, babur kawai ya hau. Ɗalibina ya yi ta zirga-zirga zuwa Katsina, kuma duk inda ya je tambaya ɗaya ake yi masa: ina shaidar cewa ka sayar da babur, kuma wa ka sayar wa? Ba shi da hoto, ba shi da rubutu, ba shi da shaida sai ƙaninsa. A ƙarshe aka yi sulhu ya mayar da mafi yawan kuɗin. Ya rasa babur, an ɗaga aure, kuma har yanzu akwai masu kallonsa da wani ido.

Alama ɗaya ce tak ta bayyana a cinikin nan, ita ce sunan wanda ya turo kuɗi ya bambanta da na wanda ya zo ɗaukar kaya. Amma wa zai ɗauki wannan a matsayin alama a ƙasar Hausa? Kullum yaya yana biya wa ƙane, miji yana biya wa mata, ɗan da ke Legas yana biya wa tsohonsa. Rabin mutanen ƙauye ma ta hannun mai POS suke turawa, sunan da zai fito ba nasu ba ne. Ɗabi'armu ta taimakon juna ita ce rigar da mazambacin ya ara.

A yankinmu abin yana da wani ƙarin nauyi da mai sayarwa a Kaduna ko Ibadan bai san shi ba. Kuɗin da suka shigo asusunka daga hannun da ba ka sani ba suna iya zama na wayar da aka ƙwace, suna iya zama wani yanki na kuɗin fansa. Babur da waya kuma su ne kayan da ɓarayin daji suka fi nema, har sukan sa babur cikin sharuɗɗan sakin wanda suka kama. Saurayin da aka bi sawun kuɗi aka iske asusunsa, ko aka ga babur ɗinsa a hannun da bai dace ba, ba tuhumar zamba kaɗai zai fuskanta ba. Kalmar infoma in ta manne wa mutum a Safana ko Batsari, kotu ba ta wanke ta, wani lokaci ma ba a kai ga kotun.

Mai karatu na iya cewa, to me ya hana a koma ga kuɗi hannu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin tarihin shekarun nan. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana, ta kuma hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanci. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, namu biyun suna ciki, ba a fara maidowa ba sai a Disamba. Mutane sun koyi abu biyu masu karo da juna a wannan lokaci: kasuwar fili ana iya rufe ta da sa hannu ɗaya, waya ma ana iya kashe ta. Sai ga canjin kuɗi. Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ranar 26 ga Oktoban 2022, kuma a farkon 2023 takardar kuɗi ta zama abin nema ruwa a jallo, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni ne mai shayi da mai rogo da mai kayan miya suka buɗe asusu a waya, ba don sha'awa ba. Sun shiga tsarin ta ƙofar tilas, babu wanda ya zaunar da su ya koya musu bambancin alat da kuɗi.

Ga kuma hanya. Wanda ya ɗauko naira dubu ɗari shida a aljihu daga Dutsin-Ma zuwa Runka ya san abin da ya ɗauko. Wanda aka san ya karɓi irin wannan kuɗi ya kwana da su a gida, shi ma ya sani. Mutumin Runka da yake son ganin ma'aikacin banki ido da ido sai ya yi tafiya. Saboda haka mai sayarwa yana tsakanin abubuwa uku: tsabar kuɗi hatsari ce, turawa tana bukatar sabis, sabis kuma ba shi da tabbas, ga rana tana faɗuwa. Wanda ya zo wa ɗan yayata bayan la'asar ya yi wannan lissafi tun kafin ya taso.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, matsalar nan kakanninmu sun warware ta tun ba a san waya ba. Ciniki tsakanin mutanen da ba su san juna ba shi ne ainihin sana'ar Bahaushe, daga fataucin goro zuwa Gwanja har safarar shanu zuwa kurmi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi, ba takarda ba kotu. Abin da ya riƙe tsarin shi ne mai gida da dillalansa. Mai gida yana sauke baƙo, yana sanin wane mahauci ne mai biya wane ne mai taurin bashi, kuma in wanda ya lamunta ya gaza, shi ne zai biya, don in bai biya ba fatake za su ƙaurace wa gidansa. La'adar da ake ba dillali kuɗin sani ce da kuɗin lamuni. Har gobe a karar shanu ta kowace babbar kasuwa ba a rabuwa sai da shaida, domin in aka zo cigiya a san wanda za a kama.

Matasanmu suna murna intanet ta raba su da dillali, riba ta zama tasu su kaɗai. Ina fahimtar murnar, don dillalai ma ba waliyyai ba ne, kuma wanda ya taɓa sayar da rago ya ga yadda ake ƙus-ƙus a bayansa ya san haka. Amma da aka kori dillali an kori abin da yake ɗauke da shi. Facebook yana haɗa ka da mai saye, ba ya lamunce maka shi. Ɗan yayata ya tsira da la'adar da ba za ta wuce naira dubu biyu ba, ya biya 140,000.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ta yi umarni da kafa shaida a lokacin ciniki. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna mas'alar ƙabalu, wato yaushe ne za a ce abu ya shiga hannun mutum. Da zamani ya zo da banki, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1990 ta yanke cewa rubuta kuɗi a asusun mutum yana matsayin karɓa a hukunce. A lura da abin da ta dogara a kai: shigar kuɗin cikin asusu. Wanda ya miƙa kaya a kan rasit ɗin da ke wayar wani, a haƙiƙa bashi ya bayar, ga mutumin da bai sani ba, ba rubutu ba shaidu, wato daidai abin da ayar ta yi gargaɗi a kai.

Kada a ɗauka abin namu ne mu kaɗai. A Ingila da Amurka masu sayarwa a eBay sun daɗe suna kuka da irinsa: mai saye ya biya ta PayPal, ya zo gida ya ɗauki kaya, daga baya ya ce bai karɓa ba, ko ya bayyana da asusun sata aka biya, a janye kuɗin daga mai sayarwa. Kariyar da PayPal ke ba mai sayarwa ta ginu ne a kan shaidar aikawa ta gidan waya ko kamfanin kai saƙo, abin da babu shi in hannu da hannu aka yi. Daga baya eBay ya fito da lambar karɓa, wadda mai saye zai nuna, mai sayarwa ya shigar a manhaja, ta zama shaidar cewa kaya sun isa. A Sin kuwa, kasuwar Taobao ta bunƙasa ne bayan da aka ƙirƙiro Alipay, wanda yake riƙe kuɗin mai saye amana har sai ya tabbatar kaya sun zo. Duka biyun mai gida ne aka sake ginawa da kwamfuta. A nan gida, shafukan talla irin su Jiji suna ba da shawarar a haɗu ido da ido, a duba kaya, sannan a biya. Shawara ce mai kyau ga mai saye. Mai sayarwa, wanda shi ne ke rabuwa da abin da ba ya dawowa, an bar shi da dabararsa.

Akwai kuma kunya, wadda ban ga ana maganarta ba. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu yana jin nauyin ya ce wa mai furfura da babbar riga, "Alhaji, dakata in duba." Gani yake kamar ya kira shi ɓarawo. Mazambata sun san haka, shi ya sa suke zuwa da shiga ta kamala, da carbi, da yawan ambaton Allah. Matan aure masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin gida sun fi kowa shiga wannan tarko. Hajiya tana ɗaki, an turo mata hoton rasit ta WhatsApp, ɗan acaɓa yana ƙofar gida yana ta danna ham, sai ta ba yarinya leda ta kai masa. Ba ta ga mai saye ba, ba ta san ɗan aiken ba, shi ma ɗan aiken sau da yawa bai san wanda ya aiko shi ba, a bakin tasha aka tare shi. In abu ya ɓaci takan yi shiru, don kada maigida ya ce dama ya hana.

Ni a ganina gyaran yana hannun masu sana'ar kafin ya kai ga hukuma. Kaya kada su bar hannu sai mai su ya ga kuɗi a asusunsa, ta manhajarsa ko ta lambar duba ragowar kuɗi da ake dannawa ko a ƙaramar waya, wadda sau da yawa takan yi aiki a inda intanet ta gaza. In sabis ya ƙi gaba ɗaya, ciniki ya kwana; wanda ya ga dare zai yi masa, ya dawo da safe. A faɗi wannan sharaɗi tun a waya, kafin mutum ya taso, a kuma sa lokacin karɓa kafin azahar. In an faɗa tun farko ya zama ƙa'idar sana'a, babu wanda zai ce an wulaƙanta shi. In sunan mai turawa ya saɓa da na mai karɓa, mai sayarwa ya nemi lambar wanda ya turo, ya kira shi da kansa, ya tambaye shi kuɗin mene ne ya biya. Da ɗalibina ya yi wannan kira na minti ɗaya, da mutumin Abuja ya ce masa shi bai san zancen babur ba. In aka turo fiye da kuɗin kaya aka ce ka maido da ragowar a hannu ko ta wani asusu, wannan ma tsohuwar dabara ce ta wanke kuɗin sata ta hannunka. A mayar ta asusun da suka fito kawai.

Sai rubutu. Littafi na naira ɗari biyar ya isa: kwanan wata, sunan mai saye, lambar wayarsa, abin da aka sayar, sa hannunsa da na shaida ɗaya. In waya ce a rubuta lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa in an danna *#06#. In babur ne a rubuta lambar inji da ta jiki, a ɗauki hoton mai saye tare da shi. Na san za a ce wannan zai kori masu saye. Zai kori wasu, kuma mafi yawan waɗanda zai kora su ne waɗanda ake so ya kora.

Masu POS su ne suka fi kusa da zama dillalan wannan zamani. Suna zaune wuri ɗaya, an san su, sun san inda sabis yake kamawa, kuma tun 2024 aka wajabta musu rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni. Babu abin da zai hana ƙungiyar 'yan kasuwar Runka ko ta Batsari, tare da sarkin kasuwa da masu unguwanni, su ware mutum biyu ko uku amintattu a ce duk cinikin waya da ya haura wani adadi a gabansu za a ƙarasa shi, a rubuta a littafi, a ba su la'ada. Sai dai kada a ɗora musu karɓar kuɗin a asusunsu ba tare da sun ga katin shaidar mai turawa ba, in ba haka ba rufe asusun da ake gudu kansu zai koma.

Bankuna kuma suna da nasu laifin, kuma ba zan sassauta musu ba. Rufe asusun mutum ɗungurungum saboda ƙorafin ɓangare ɗaya, ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba, zalunci ne ga wanda jarinsa duka yake ciki. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a riƙe adadin da ake jayayya a kai, a sanar da mai asusu a ranar, a ba shi damar kawo hujja ba sai ya yi tafiyar rabin yini ba. Kamfanonin da suka iya aiko wakilai har ƙauye su buɗe wa mutane asusu cikin minti biyar, ya kamata su iya samar da wanda zai amsa ƙorafi da Hausa. Wanda abin ya shafa ya sani cewa yana da haƙƙin kai ƙorafi a rubuce ga bankinsa, in mako biyu suka wuce ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Doka tana nan, kuma mai tsanani ce. Dokar zamba ta tarayya ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara bakwai ba, bai wuce ashirin ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Lambar 419 da muke kiran mazambata da ita ma sashe ne na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a Kudu. Mu a Arewa namu kundin daban ne, sunan kawai muka aro. Amma na tambayi ɗan yayata ko zai kai ƙara, sai ya yi mini lissafin kuɗin mota da na bin sawun lamba da ranakun da zai rasa, ya ce, "Kawu, kada a bi kuɗin da suka tafi da waɗanda suka rage." Na matsa masa ya je ya ba da rahoto ko don a samu rubutu, saboda in wayar ta bayyana a hannun ɓarayi wata rana, takardar ce za ta raba shi da ita. Ya je, ya karɓo.

Da na je Runka hutun da ya wuce na tarar ya sayi littafin, ya ja layuka da biro, ciniki goma sha ɗaya a ciki. Ya nuna mini wani layi da ya soke. Mutum ne ya zo da yamma, ya nuna rasit, aka ce ya jira, ya fusata ya ce shi ba a taɓa yi masa haka ba, ya hau babur ya tafi, kuɗin kuma ba su shigo ba har yau. Wayar tana nan, ya sayar wa wani malamin firamare bayan kwana uku. Mutumin Farm Centre da ya ba shi waccan wayar bashi ya yi masa sassauci, yana biyan naira 10,000 duk mako. Saura biya huɗu.